Batirin Motar Yaya

Aikina batir ne. Na koye shi a Bukuru ina ɗan shekara goma sha biyar, bayan karatu ya tsaya mini a aji uku na sakandare, a wata rumfa inda ruwan batir ya cinye wa kowa gwiwar wando. Yau ina aiki a wani wurin gyaran keken lantarki na tsofaffi da masu ciwon ƙafa a Manchester, kuma har yanzu da batir nake cin abinci. Na fara da wannan ne don a san wanda aka ci wa mutunci kafin a ji abin da ya yi.

Wanda ya ci mutuncin nawa yayan matata ne. Yana zaune a Balsall Heath, a Birmingham. Ya yi karatun injiniya, mutanen cocinsu kuma Injiniya suke ce masa, ko da yake aikin ofis yake yi a ƙaramar hukuma. Mahaifinsu ya rasu tun matata tana ƙarama, saboda haka shi ya tsaya a matsayin uba ranar da na je neman aurenta. A gabansa na durƙusa. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙanen matarka kana iya zolayarsa ku yi dariya. Amma yayanta da ya ba ka ita, ba ka musa masa a gaban mutane, ba ka ɗaga masa murya, ba ka aikensa, ba ka kiran sunansa. Yaya nake ce masa. In ya yi magana in ce, "To, Yaya." Shekara goma sha tara ina faɗin haka.

Zumuntar mazan cocinmu na Old Trafford da ta cocinsu suna haɗuwa sau ɗaya a shekara. Da can ƙwallo ake yi, har gwiwoyi suka fara ƙi. Sai Yaya ya kawo shawarar harbi. Ya san wani tsohon Bature manomi a tsakiyar hanya, bayan Stoke, mai lasisin bindiga, wanda ya yarda mu zo gonarsa. Shi zai ba da bindiga, shi zai tsaya a kan kowane mai harbi. Ba tsuntsu ake harbi ba. Wani ɗan faranti ne na yumɓu, kamar murfin ƙaramin kwano, mai launin lemo. Inji ke cilla shi sama. Mai bindiga ya ce "Pull!", wato a saki, wani ya taka maɓalli, faranti ya tashi. In ka same shi ya watse. In ka kuskure, maza su yi maka ihu.

Yaya ne ya sayi injin. Yana da hannu na ƙarfe da sifirin mai kauri, da wani ƙaramin injin lantarki da ke jan hannun baya ya ɗana shi bayan kowace cillawa. Batir mai volt goma sha biyu yake so. Yaya ya kira ni a waya.

"Ƙanena, kai ne mai batir. Ka zo mana da ɗaya ran Asabar."

Na ce, "To, Yaya."

Ban ɗauki aikin da wasa ba. Batir iri biyu ne, kuma wanda bai san wannan ba bai san batir ba. Na mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa biyu, ya tada inji, motar ta mayar masa da abin da ya bayar. Ba ya son a tatse shi. Ɗayan an yi shi ya riƙa ba da kaɗan-kaɗan yini guda, a tatse shi, a sake cika shi, bai damu ba. Irinsa muke sa wa keken tsofaffi, kuma irinsa injin nan ke buƙata. Na zaɓi mai kyau a wurin aiki da izinin mai wurin, na yi masa caji, na auna shi da mita, na goge kawunansa.

A gonar, na sunkuya zan jona, Yaya ya dafa kafaɗata.

"Matsa, ƙanena. Injina ne."

Na matsa. Wayoyi biyu ne, ja da baƙa, kowace da maƙalli a bakinta. Ina kallo ya kai ja a kan baƙi. Na ce, "Yaya," a hankali. Ya kaɗa mini hannu bai ko juyo ba. Maza ashirin da wani abu suna tsaye. Na ƙyale shi. Na ji ɗan sauti, tas, na san fiyus ya ƙone. Aka taka maɓalli, inji ko motsi.

Yaya ya miƙe, ya zunguri batirina da kan takalminsa.

"Me ka kawo mana nan? Batirin keken kaka?"

Wani dattijon Birmingham mai ƙaton ciki ya ce, "Wannan ai iyakar gudunsa daga gida zuwa wurin likita." Aka bushe da dariya, har da mutanen cocinmu.

Yaya ya sa aka kwance batirin motarsa aka kawo. Ana cikin ɗauko shi, hankalin kowa yana can, ya durƙusa a bayan injin. Ya zare fiyus ɗin da ya ƙone, ya sa sabo da ya zo a ledar takardun injin, ya jefa ƙonannen a aljihu. Ya ɗago, muka haɗa ido. Ya san na gani. Sannan ya jona batirin motar, wannan karon daidai, hannun inji ya ja baya ya ɗanu.

Ya ce da ƙarfi, "Kun gani? Batirin maza ke nan."

Awa ɗaya kawai aka yi ana harbi, ruwa ya sauko, aka watse. Awa ɗaya ba ta isa ta nuna halin batirin mota ba.

Daga ranar sunana ya zama Batirin Kaka. A harabar coci, a rukunin wayar zumunta, a wurin biki. Ran Kirsimeti a gidan Yaya abin canja tashar talabijin ya ƙi aiki, ya miƙo mini a gaban 'ya'yana ya ce a ba Batirin Kaka ya duba. 'Yata babba ta yi dariya har da riƙe ciki, ba ta san tushen maganar ba. Wannan na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne na wata 'yar'uwa a cocinmu. Keken mahaifiyarta ya daina riƙe caji, ta ɗauke shi ta kai wani wuri a Hulme, ta wuce ni. Da na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce mijinta ne ya ce a nemi wanda ya sani.

Na gaya wa matata komai, har fiyus ɗin.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Maigida. Ka san halinsa. Shi fa ya riƙe mu."

"Na gan shi da idona ya canja."

"To, je ka gaya masa mana."

Ta san ba zan iya ba. Ni ma na sani. Amma na zauna na yi tunani, na ga akwai abin da al'ada ba ta hana ni ba. Ba ta hana ni yin biyayya ba.

Da Ista muka je Birmingham. Yaya ya tada motarsa, wata tsohuwar motar Jamus, zai kai mu coci. Na kasa kunne. Ta ja numfashi kafin ta kama. Da muka dawo ya ce in zuba masa ruwan wanke gilashi, irin aikin da yakan ba ni ke nan. Na buɗe bonet na duba. Batirin nan dai ne. Farin gari ya fara taruwa a kansa, kwanan watan da ke jikinsa kuma ya nuna ya tsufa. Motar ba ta zuwa ko'ina sai ofis da coci da kanti, tafiyar da ba ta isa ta cika batir ba. Na zuba ruwan, na rufe bonet.

Da haɗuwar shekara ta gaba ta matso, Yaya ya sanar a rukunin waya cewa ya ƙara wa injin gindi mai juyawa. Gindin yana kaɗa injin dama da hagu ba tsayawa, don kada mai harbi ya san inda faranti zai bi. Kuma yini guda za a yi, a farkon sanyi. Wani ya tambaya wa zai kawo batir. Yaya ya rubuta, "Kada a wahalar da Batirin Kaka. Na motata ya isa." Na rubuta, "To, Yaya."

Na tsara wa kaina dokoki. Na ɗaya, ba zan taɓa kayansa ba. Na biyu, ba zan yi ƙarya ba. Na uku, ba zan ba da shawara ba sai an tambaye ni, kuma na san ba za a tambaya ba. Na huɗu, zan je da batirin da ya dace, in rufe shi da bargo a bayan motar aikina, tare da wayar jona batir, ba wanda zai sani.

Zaɓen batirin ya ɗauke ni Asabar guda. Na je shagon masu sayar da kayan ɗakin-mota, irin wanda Turawa ke ja zuwa hutu. Iri uku na tarar. Akwai mai ruwa a ciki, mai murfi da ake buɗewa, irin wanda na girma da shi. Na ƙi shi, don in ya karkata a mota ko a gona zai zubar. Akwai mara nauyi na zamani, wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. Na juya shi, na ajiye, don ba ya son caji a cikin sanyi, garejina kuma sanyi gare shi. Na uku rufaffe ne ruf, ba ya zuba, mai ƙarfin da zai juya gindin nan yini biyu. Nauyinsa kamar rabin buhun siminti. Mai shagon ya ce ko in ɗauki ƙaraminsa, ya fi sauƙin ɗauka. Na ce babban nake so.

Ranar, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Mata sun aiko da waina da gwaten acca a kula. Fasto ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Na ce amin da baki. Yaya ya kwance batirin motarsa ya jona, ya duba wayoyin sau biyu. Gindi ya fara juyawa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya dattijon nan mai ciki ya fito da butar shayi ta lantarki, irin wadda ake jonawa a mota.

"Injiniya, in maƙala nan? Sanyi zai kashe mu."

"Maƙala mana. Batirin maza ne."

Dattijon ya dube ni yana murmushi. "Ko mai ilimin kaka yana da magana?"

Na ce, "Yaya ya riga ya faɗa."

Sau huɗu aka tafasa ruwa. Na sha kofi biyu.

Da layi ya zo kaina na harba goma, na kuskure tara. Suka yi ta ihu, ban damu ba, hankalina ba ya kan faranti. Kunnena yana kan hannun injin. Da safe yakan ja baya ya ɗanu kafin in ƙirga biyu. Da tsakar rana sai na kai uku. Bayan cin abinci na kai biyar, sautin kuma ya yi ƙasa kamar nishi. Ba wanda ya lura. Ni kuwa daɗi ya cika mini ƙirji, ba zan ɓoye ba.

Ƙarfe biyu ta ɗan wuce, hannun ya ja baya ya kai rabi ya tsaya. Gindin ma ya tsaya. Injin yana ta gurnani, ba gaba ba baya.

Wani ya ce, "A'a, Injiniya, batirin maza ya gaji ne?"

Yaya ya taho da sauri, fuska a murtuke. Ta gaba ya zo. Ya sunkuya, fuskarsa daidai da hannun ƙarfen, ya miƙa yatsu zai zaro farantin da ya maƙale. Sifirin yana a ɗame. In hannun nan ya kuɓuce, muƙamuƙi zai tafi da shi. Manomin yana can nesa yana cire harsashi daga bindiga, bai gani ba. Wannan ba ya cikin lissafina. Na lissafa sanyi, na lissafa tsufan batir, na lissafa gindi, ban lissafa wannan ba.

"Kai! Cire hannunka! Ja da baya!"

Muryata ce. Ban san tana da ƙarfi haka ba. Yaya ya yi baya ya zauna daɓas a cikin taɓo.  Kowa a wurin ya san wanda na ce wa kai.

Na zagaya bayan injin na kashe shi. Na ce kowa ya bar gaba, suka bari. Ba a sassauta sifirin nan lafiya sai da wuta, sai hannun ya ƙarasa zagayensa sannan a sake shi. Akwai matasan magidanta a wurin masu ƙarfi, kowannensu zai iya zuwa. Na ciro makullin motata na miƙa wa Yaya.

"Ba zan iya barin injin haka ba. Je ka buɗe bayan motata. Ƙarƙashin bargo akwai batir. Ɗauko."

Ya dube ni. Ya dubi Fasto. Fasto ya dubi takalminsa. Yaya ya karɓi makullin.

Motar tana can bakin ƙofar gona. Muka tsaya muna kallonsa yana dawowa, ya rungume batirin a ciki, yana tafiya yana tsayawa, taɓo a bayan wandonsa. Sau biyu ya ajiye ya huta. Wani ya motsa zai taimaka, na ce kada kowa ya gitta ta gaban inji, ya koma. Da ya iso ya dire shi yana haki.

Na cire butar shayi na miƙa wa mai ita. Na cire baƙar waya daga tsohon batir, sannan ja. Na ɗaga su sama yadda kowa zai gani.

"Ja a kan ja, Yaya. Baƙi a kan baƙi. In aka juya su, fiyus ne ke ƙonewa. Batir ko sabo ne fil, inji ba zai motsa ba, sai an sa wani fiyus ɗin."

 Dattijon mai ciki ya dubi Yaya, ya dube ni, ya ce, "Hmm." Na san ya tuna bara. Na kunna. Hannun ya ƙarasa ya ɗanu kafin in ƙirga biyu. Na saki farantin, ya tashi ya wuce shingen gona. Manomin ya iso, ya ji abin da ya faru, ya ce da Turanci da hannun ya saki da motar asibiti za a kira, daga yanzu kuma ba mai taɓa injin sai ni.

Aka yi ta harbi har haske ya fara raguwa. Batirin bai ko sauya murya ba.

Da aka tashi, Yaya ya mayar da nasa cikin mota, ya ɗaure, ya murɗa makulli. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya sake. Mutum huɗu da ya ɗauko daga Birmingham suna tsaye da jakunkunansu. Ina can ina naɗe bargo, na naɗe na warware na sake naɗewa. Fasto ya zo wurina.

"Ɗan'uwa, kana da wayar jona batir?"

"Ina da ita, Fasto."

"To?"

"Ba a tambaye ni ba."

 Sannan ya tafi ya yi wa Yaya magana a kunne. Yaya ya fito daga motar, ya tako har inda nake.

"Ƙanena, taimaka mini da wuta."

Na ce, "To, Yaya." Na matso da motata na jona, tasa ta tashi. Na gaya masa kada ya kashe ta sai ƙofar gidansa, kuma batirin nan ba zai warke ba, an tatse shi fiye da abin da zai iya.

Kafin in isa Manchester labari ya riga ni. Na sami matata a kicin, ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

"Ka san batirinsa zai mutu."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun Ista."

"Kana zaune kana shan shayi, batir yana cikin motarka. Da ya ji ciwo fa? Da me za ka dawo ka gaya mini?"

 Na ce mata laifi ne a wannan wuri ɗaya, kuma na amsa shi. Sauran ban yi nadama ba. Ta ce Allah ya shirye ni, ta zuba mini abinci ta bar ni da shi. Kwana uku maganarmu ba ta wuce ta yara ba.

Ran Alhamis da yamma, ina dawowa daga aiki, wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya gaishe ni, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, abin da bai taɓa tambaya ba. Sannan ya ce motar ta ƙi tashi tun Lahadi, kuma yana so ya saya wa injin nasa batir. Wanne zai saya?

Na ce, "Kana da biro, Yaya?"

Na ji yana jan durowa. Na ba shi a jere. Na ɗaya, na mota daban, na inji daban, kada ya sake haɗa su. Na biyu, na injin ya zama rufaffe, irin na ɗakin-mota, kuma na gaya masa girman. Na uku, ya sayi abin caji da ke tsayawa da kansa in batir ya cika. Na huɗu, ya yi masa caji a ranar da aka yi aiki da shi, ba washegari ba, sannan sau ɗaya a wata ko ba a taɓa shi ba. Na biyar, ba buta, ba rediyo, ko wa ya roƙa.

"Karanta mini in ji, Yaya."

Ya karanta. Ya tsallake na huɗu.

Na ce, "Koma daga farko."

Matata tana wanke-wanke, ta kashe famfo tana saurare. Na ji numfashinsa a waya. Ya koma daga farko.